Rago Na Uku Yana Jiran In Sauke Littafi Mai Tsarki

Gwaggo Asabe,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da iyali da duk masu aikin wannan fili. Ki taimake ni da shawara a kan wata magana da na rasa wanda zan kai wa. Idan na faɗa wa mutanen majami'armu, kafin Lahadi ta zagayo ta gama gari, idan kuma na faɗa wa abokan aikina dariya za su yi. Ke ma na san za ki yi, ba komai, ki yi abinki. Amma ki ba ni amsa da wuri, saboda akwai tsoho a cikin maganar, kuma ba shi da lafiya.

Ni mutumin wani ƙauye ne a wajen Durun, ƙasar Kabo. Gidajen Kirista a wurinmu ba su da yawa, sauran duk Musulmi ne, tare muka tashi, gonakinmu iyaka ɗaya. Sana'ata gyaran injin ban ruwa, ina da 'yar rumfa a Gwarzo, da safe in hau babur in tafi, da yamma in dawo. Na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya, mahaifina kuma yana tare da mu. Shi ne tsohon da nake nufi.

Baba shi ya fara karɓar bangaskiya a gidanmu, tun yana saurayi. Bai yi boko ba. An taɓa sa shi ajin yaƙi da jahilci, ya ce baƙaƙen suna masa yawo a ido kamar tururuwa, ya bari. Amma akwai abin da ya tsaya masa a rai tun yana yaro. A zamaninsu, in ji shi, idan ana maganar iyayensu sai a ce mutanen da ba su da littafi. Ba da faɗa ake faɗi ba, haka kawai ake kiransu. Ya sha zuwa walimar saukar Alƙur'ani a gidajen maƙwabta, a ba shi waina da nama, ya ci, ya taya su murna, ya dawo gida yana tunanin yaushe za a yi irin wannan taro a ƙofarsu. Ranar da aka yi mini baftisma ya miƙo mini Littafi Mai Tsarki na Hausa, babba mai baƙin bango, ya ce a gaban jama'a duk ranar da na karance shi daga farko har ƙarshe zai ba da rago, ya kira Kirista da Musulmi su zo su ci. Har wanda zai yi yankan ya zaɓa, wato maƙwabcinmu Malam Musbahu, don kowa ya ci da kwanciyar hankali. Bai tsaya a magana ba, kasuwar da ta biyo baya ya sayo ɗan rago ya ɗaure.

Wancan ragon ya tsufa a turke har haƙoransa suka fara zubewa, aka yanka shi a sunan 'yata. Na biyu ciwo ya kashe shi wata damina. Na uku ne yanzu a gidan, ya yi ƙiba har tafiya tana masa wuya. Duk Babbar Sallah sai an zo an taya, Baba ya ce ba na sayarwa ba ne, ragon sauka ne. Yara ma da haka suka san shi.

Kada ki ɗauka ban yi ƙoƙari ba. Matsalar ita ce babu wanda ya taɓa nuna mini yadda ake karatun kullum, a majami'a dai ana cewa mu riƙa karantawa a gida, shi ke nan. Mutum ɗaya tak na tashi ina gani yana yi ba fashi, shi ne Malam Musbahu. Zaurensa yana kallon ƙofarmu. Da ya dawo sallar asuba zai shimfiɗa buzu, ya buɗe Alƙur'ani, ya karanta izunsa na ranar, sannan ya ɗauki fartanya. Tun ina yaro yana burge ni, har yanzu ma. Na ji sun ce izu sittin ne nasu, sai ni ma na samo tsinken tsintsiya na raba nawa Littafin kashi sittin, na ce kullum kashi ɗaya, wata biyu na gama, Baba ya huta da yankan ciyawa.

Sai dai kin san dokar abin, idan mutum ya ɗauki ibada ta kwana sittin ya yi fashi a tsakiya, dole ya koma farko. Wannan da idona na gani ina yaro. Wani ƙanen mahaifin Malam Musbahu ya ɗauki azumi na sittin a jere, ya kusa gamawa ya sha, malamai suka ce masa ya sake daga farko, ya kuwa sake. Tun daga ranar na riƙe cewa abin Allah ba a yi masa faci. Saboda haka duk lokacin da na tsallake rana, sai in mayar da tsinkena shafin farko.

Fashi kuwa ba ya ƙarewa. Da rani masu tumatir da albasa tun gari bai gama wayewa ba suke buga mini ƙofa, inji ya mutu, shuka za ta ƙone, kuma ba na iya cewa mutum ya jira in gama karatu. Da damina ga gona. Ga zazzaɓi, ga rasuwa a Mainika, ga suna a Dugabau. Kashi ɗaya ɗin ma ba ƙarami ba ne, idan na zauna a kansa sai rana ta yi sama ban kai tsinke na gaba ba. Littafin Farawa na san shi kamar hanyar Gwarzo, babu ramin da ban sani ba. Allah ya gafarta mini, na gaji da Adamu da Hawwa'u. Fitowa ma ba laifi, ina wuce ta da gudu. Da na shiga Littafin Firistoci, wurin dokokin hadaya da na kuturta, sai barci ya fara ɗibana, daga nan wani abu ya faru in yi fashi, in koma. Mafi nisa da na taɓa kaiwa shi ne Littafin Mahukunta, shi ma shekarar da na faɗi a babur na karye a ƙafa ne, ban da wurin zuwa. Ranar da aka kwance mini ɗori na fita gaishe-gaishe, na dawo na tarar na yi fashi.

Abin da ya fi ba ni kunya, a matsayina na Kirista ban taɓa zama na karanta Bishara ko ɗaya daga farkonta zuwa ƙarshenta ba. Abin da na sani game da Yesu daga wa'azi na ji shi. Ina ganin ba daidai ba ne in tsallaka can alhali ban gama nan ba. Mutane kuma suna ganina kullum a ƙofar gida da babban Littafi a cinya, har wasu sun fara kirana Malam. Ba na amsawa, amma ban hana ba.

Shi dai Baba bai taɓa matsa mini ba. Da can yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya yana kallona, ni kuma ina karantawa a zuci don ya fi sauri. Idan na rufe ya tambaye ni ina aka kai, in faɗa masa, ya ce madalla, ya tashi ya je ya ba rago dusa. Sau ɗaya ne kawai, bara, da na ce masa ina wurin Musa, ya ce wai shi wannan Musa nawa har yanzu bai fita daga jejin nan ba? Ya yi dariya, ni ma na yi, maganar ta wuce.

To yanzu jiki ya ƙi. Tun ƙarshen damina ƙafafunsa suka kumbura, numfashi yana masa wuya idan ya yi 'yar tafiya. Mun kai shi asibiti, sun ce zuciya ce, sun ba da magani, sun ce ya huta. Ba ya fitowa gindin darbejiya kuma. Ya sa an mayar da turken rago kusa da ƙofar ɗakinsa, yana kwance yana kallonsa. Da safe idan na leƙa gaishe shi, bayan gaisuwa tambayar dai ita ce, ina aka kai. Shekaranjiya amsar ita ce Fitowa.

Matata Rifkatu, wadda ita ce ke jinyarsa, ta kira ni gefe ta ce in daina wahalar da tsoho. Ta ce in bari zuwa Kirsimeti in ce masa na gama, a kira Malam Musbahu ya yanka, a yi taro, ya ga abin da ya daɗe yana jira. Ta ce ai babu wanda zai yi mini jarrabawa, kuma daga baya sai in cika a hankali tsakanina da Allah. Na yi mata faɗa, amma ba zan ɓoye miki ba, maganar tana nan tana mini yawo a kai. Na kuma yi tunanin wata dabara, akwai Littafin na murya a wayata, zan iya kunna shi a rumfa ina aiki, in ƙara masa sauri, ya yi ta zuba har ya ƙare, in ce na sauke. Ban san ko wannan yana shiga lissafi ba.

Ba kuka nake miki ba, Gwaggo, na dai auna abin ne yadda nake auna inji, na ga ba zai kai ba. Idan na bi doka ba zan gama ba kafin abin da nake tsoro ya faru. Idan na bi Rifkatu na yi wa mahaifina ƙarya a kan Littafin da ya ba ni da hannunsa. Ina tsoron ya tafi ragon nan yana ɗaure. Ki faɗa mini wanne ya fi sauƙin ɗauka, kuma idan akwai hanyar da mutum irina zai riƙe karatun kullum, ki nuna mini.

Naki,
Mai gyaran inji, ƙasar Kabo.

*

Ɗana mai gyaran inji,

Na yi dariyar da ka ba ni izini, a wurin Musa da jeji. Daga nan ban ƙara ba. Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka wa Rifkatu da alheri.

Da shawararta zan fara, don ita ce mai gaggawa. Kada ka bi ta, amma kada ka riƙe ta a zuciya. Ita ce ke ɗaga shi, ita ce ke ganin yadda ƙafar take ƙara kumbura, kuma farin cikinsa take nema, ba ƙarya ba. Sai dai ka dubi ranar taron. Jama'a suna miƙo maka hannu, Malam Musbahu ya wanke wuƙa yana sa maka albarka, kai kaɗai ka san a Fitowa ka tsaya. Bayan wannan ba na jin za ka ƙara buɗe Littafin da daɗin rai, cikawar da take cewa za ka yi daga baya ma ba za ta yiwu ba. Sannan kuna raina tsohon. Mutumin da ya lura Musa ya daɗe a jeji ya san abin da ake ciki tuntuni, kawaici yake maka.

Ita kuma dokar komawa farko, ba ta cikin bangaskiyarmu, ko kusa. Don kada in ɗora wa maƙwabta abin da ba nasu ba, na tambayi maƙwabciyata Hajiya Zinnira, wadda ke koyarwa a Islamiyya. Ta ce wancan hukuncin na azumin kaffara ne, bai shafi karatu ba. Su ma idan uzuri ya sa mutum ya tsallake rana, washegari daga inda ya tsaya yake ɗorawa. Ka ga abu da ido kana yaro, ka ɗauko shi ka ɗora inda ba wurinsa ba, ka yi ta biyan abin da babu wanda ya ɗora maka. Shekara da shekaru kana kallon Malam Musbahu daga ƙofarka, da ka tsallaka ka tambaye shi sau ɗaya da ya warware maka. Har yanzu ka je, zai ji daɗi.

Ban ce duk abin da ka koya a wurinsa kuskure ne ba. Lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kafin a taɓa aikin duniya, wannan ka riƙe shi da kyau, Kiristoci da yawa da suke rubuto mini shi suka rasa. Burin Baba ma ba shirme ba ne. Mutumin da aka kira iyayensa marasa littafi yana da haƙƙin ya so a yi taron Littafi a ƙofarsa. Inda lissafinka ya karkace shi ne rabon. Namu Littafin ya fi yawan shafuka nesa ba kusa ba, kashi ɗaya cikin sittin ba abincin safiya ɗaya ba ne ga mai sana'a. Kai da ke gyaran inji ka san abin da ke faruwa idan aka ɗora wa ƙarami aikin babba.

Saboda haka ka zare tsinkayen nan duka, ka bar guda ɗaya. Sura ɗaya a rana ta isa, ranar da masu tumatir suka buga ƙofa rabin sura ma ta isa, ranar da ba ka samu ba kuma ka ɗora washegari ba tare da ka hukunta kanka ba. Idan ka karanta ka ɗan tsaya, ka tambayi kanka me aka ce, me kuma ake so ka yi da shi yau a rumfa ko a gida, sannan ka yi addu'a ka tashi. Abin da ya shige maka duhu ka kai wa mai bishararku, ko ka tayar da shi a binciken Littafi na tsakiyar mako, ko da masu kiranka Malam suna wurin. Na wayar ba laifi ba ne, ji ma hanya ce, mahaifinka da kunne ya sami duk bangaskiyarsa. Amma ka bar shi a saurinsa na asali, ka kunna lokacin da hankalinka yake wurin, ba lokacin da inji yake ruri ba. Kuma babu wanda ya ce dole sai a jere. Ka bar Musa ya huta, za ka dawo masa, Littafin Firistoci ma zai fi shiga bayan ka san Bishara. Ka fara da Markus, ita ce mafi gajarta. Ni na haura sittin, na zagaye Littafin nan ban san adadi ba, kuma ban taɓa jin na gama ba. Maƙwabcinka ma ranar da ya sauke, washegari yana kan buzunsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Akwai magana ɗaya a wasiƙarka da ka wuce ta da gudu kamar yadda kake wuce Fitowa. Ka ce a zuci kake karantawa don ya fi sauri, Baba yana zaune yana kallonka. Ɗana, mutumin nan shi ya sayi Littafin, ba ya iya karanta ko baƙi ɗaya a cikinsa, ya ciyar da raguna uku saboda shi, kuma a duk shekarun nan ba ka taɓa karanta masa shafi ɗaya da murya ba. Yana tambayarka ina aka kai ne saboda ita kaɗai ce hanyar da ka bar masa ta shiga cikin karatun.

Gobe da safe kada ka zauna a ƙofar gida. Ka shiga ɗakinsa da Littafin, ka gaishe shi, ka faɗa masa gaskiya a taƙaice, cewa komawa farko kake ta yi saboda wata doka da ka ɗauka akwai, ashe babu. Ba sai ka yi doguwar ban haƙuri ba. Sannan ka buɗe Markus ka karanta masa a hankali, da murya, yadda zai ji. Idan ya tsayar da kai ya yi tambaya ko ya ba da labari, ka tsaya, kada ka dubi agogo. Rifkatu da yara su zauna idan sun samu. Rago kuwa nasa ne, shi zai ce yaushe. Wataƙila ya ce a kira Malam Musbahu ranar da kuka gama Bisharu huɗu, wataƙila ya ce sai an kai Wahayin Yahaya. Duk wanda ya zaɓa ka bi shi, ka ci gaba da ba ragon dusa.

Ba zan yi maka alkawarin Baba zai ga ƙarshen Littafin ba, wannan ba a hannuna yake ba, ba kuma a naka ba. Yana iya yiwuwa Ubangiji ya kira shi kuna tsakiyar Luka, ragon yana ɗaure. Idan haka ta faru zai yi maka ciwo, amma zai tafi ne bayan ya ji Littafin da ya saya da kunnensa, a ɗakinsa, da muryar ɗansa, kuma ba zai sake tambayarka ina aka kai ba, don tare kuka kai wurin.

Ka gaishe mini da shi da kyau, da Rifkatu da yara. Ubangiji ya ƙara masa kwanaki masu sauƙi, ya ba ka murya.

Taka,
Gwaggo Asabe.